Amsoshin Tambayoyinku: An Yi Garkuwa da Fayilolina

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce fayilolin kwamfutarsa sun ƙi buɗuwa, sunayensu sun canza, ga saƙo ana neman kuɗin fansa da Bitcoin.

Malam, sannu da wannan jarrabawa. Muguwar manhaja ce ta kulle su. Maza ka katse intanet, ka zare filashi, kada ta yaɗu. Adana saƙon nan, da shi shafin No More Ransom, wanda aka buɗe a 2016, zai gane irinta, wataƙila ka dace da makulli kyauta. Sannan ka wanke kwamfutar da Microsoft Defender Offline. Wankewa dai ba ta buɗe fayilolin, amma kada ka goge su. Don Allah kada ka biya ɓarayin nan ko sisi.