Faifaina da sarari, me ya sa ajiyar kwafin Windows ke tsayawa?

Tambaya: Duk sanda na so ajiye cikakken kwafin kwamfutata a faifan waje, sai ta tsaya, ta ce babu isasshen wuri, tare da lambar 0x80780119. Alhali faifan ko rabi bai cika ba. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, na tausaya maka, domin saƙon yana ruɗar mutane. Sau da yawa matsalar tana cikin kwamfutar, a wani ɗan ƙaramin sashe mai suna System Reserved, wanda a Windows 7 megabait 100 ne kacal. Kafin a ɗauki kwafi, Windows kan yi inuwa ta wucin gadi ta kowane sashe, kuma sashen da bai kai megabait 500 ba yana buƙatar sararin aƙalla megabait 50.

Ka buɗe Disk Management, ka ba sashen harafi, misali Z, ka duba abin da ya rage. Abin da ya fi cinye wurin shi ne kundin da ke rubuta canje-canjen fayiloli. Don share kundin, buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta fsutil usn deletejournal /N /D Z: sannan ka cire harafin, ka sake gwadawa. Don Allah kada ka goge komai a sashen da hannu, domin da fayilolinsa kwamfutar ke tashi.

Ka kuma tabbata faifan wajen na tsarin NTFS ne, domin Windows ba ta ajiye irin wannan kwafi a FAT32.