Wa ya je ya auno nisan taurari?

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare da ke ƙaramar hukumar Ajingi, amma a Gaya nake da zama. Ina cikin darasin haske sai na ce wa ɗalibai akwai wani dandazon taurari mai suna Andromeda, wanda haskensa kan yi shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mana. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ya je ya auno?" Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa ba ni da abin cewa illa haka littafi ya faɗa. Wani abokin aikina ma cewa ya yi duk shaci-faɗin Turawa ne, har da shekarun da suke ba taurarin. Me zan faɗa wa yarinyar nan?

Malami daga Gaya

Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka, kada ka bari dariyar 'yan aji ta kashe mata gwiwa. Amsarta ita ce babu wanda ya je. Awon hawa-hawa ne, kowane mataki ya dogara da na ƙasansa, kuma matakin farko yana cikin littafin lissafin da ke jakarta.

Ka sa ta miƙe hannu ta ɗaga babban yatsa saitin allo, ta rufe idon hagu, sannan ta buɗe shi ta rufe na dama. Za ta ga yatsan ya yi tsalle. Ta matso da shi kusa da hanci, tsallen ya ƙaru. Wanda ya san tazarar idanu biyu da kusurwar tsallen zai fitar da nisan yatsan da lissafin alwatika, ba sai ya taɓa shi ba. Daga nan ku fita fili ku gwada da wata bishiya: ku tsaya wuri biyu da kuka auna tsakaninsu, ku ɗauki kusurwa, ku lissafa, sannan ku ja igiya ku gani ko an dace. Haka ma masana sukan ɗauki hoton tauraro yau, su sake bayan wata shida, lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana, tazarar kusan kilomita miliyan 300. Bajamushe Friedrich Bessel ya yi nasarar wannan awo a 1838. Kumbon Gaia da Turai ta harba a 2013 ya yi wa taurari fiye da biliyan 1 wannan awo. Da irin wannan awo aka san Kaza da 'Ya'yanta na da nisan tafiyar haske ta shekara kusan 440, alhali hasken rana minti 8 da 'yan daƙiƙu kawai yake yi.

Sai dai idan nisa ya yi nisa, tsallen ya kan ƙanƙance har na'ura ta kasa ganinsa. A nan ake hawa mataki na biyu. Kai da ke bin hanyar Gaya zuwa Ajingi ka san idan ka hango fitilar babur da dare, dusashewarta ke gaya maka nisansa, don ka riga ka san ƙarfin irin fitilar. Abin da ake nema a sama ke nan, tauraron da aka san ainihin ƙarfinsa. A 1912 wata mata a Harvard, Henrietta Leavitt, ta nuna cewa akwai taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, kuma wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagaye ɗaya shi ya fi ƙarfin haske. Ka ƙirga kwanakin, ka san ƙarfinsa. Ka kwatanta da yadda ya dusashe, ka san nisansa. A 1923 Edwin Hubble ya gano irin wannan tauraro a cikin Andromeda, aka tabbatar Andromeda ba ya cikin dandazonmu, wato wanda ranarmu ke ciki. Lambar da ya samu ba ta kai rabin ta yau ba, daga baya aka gyara. Ka faɗa wa ɗalibanka wannan ma, don mai shaci-faɗi ba ya komawa ya gyara lissafinsa.

Abokin aikinka kuwa ka sanar da shi cewa Abdurrahman al-Sufi, masani Musulmi ɗan Farisa, ya rubuta labarin Andromeda a littafinsa tun wajen shekarar 964. Ana ganinsa da ido tsirara ta wajen arewa, kamar ɗan gajimare, a daren da babu wata, bayan ɗaukewar damina kafin hazo ya sauko. Ku da wutar lantarki ba ta dame ku ba, kun fi 'yan birni sa'a a nan.

Idan nisan ya fi ƙarfin mataki na biyu, ana amfani da wani nau'in fashewar tauraro mai ƙarfi kusan iri ɗaya, sannan da launin haske. Sararin samaniya na faɗaɗa, saboda haka hasken da ya daɗe a hanya yakan miƙe ya karkata zuwa ja, kuma yawan karkatar ke nuna daɗewarsa.

Batun shekaru sai ka yi hattara, abu biyu ake haɗawa. Shekara miliyan 2.5 ɗin nan ta tafiyar haske ce, ba shekarun Andromeda ba. Shi ya girmi haka nesa ba kusa ba. Shekarun dandazo daga taurarinsa ake karanto su. Manya masu launin shuɗi sukan ƙone cikin 'yan miliyoyin shekaru, matsakaita irin ranarmu, wadda ke da shekara biliyan 4.6, sukan kai biliyan 10, ƙanana jajaye kuma su wuce haka. Dandazon da shuɗɗan taurarinsa suka ƙare, sai ja da rawaya, ya daɗe da daina haihuwar sababbin taurari. Tsofaffin curin taurari na dandazonmu sun haura shekara biliyan 12, sararin gaba ɗaya kuma ana ƙiyasta masa biliyan 13.8. Madubin hangen nesa na James Webb da aka harba a Disambar 2021 ya hango dandazon da ya riga ya kafu tun sararin yana da shekara kusan miliyan 300.

Idan yarinyar ta tambaya ko an gama daidaitawa, ka ce a'a. Saurin faɗaɗar sararin ma, hanya ɗaya ta awo na ba da kusan 67, ɗaya kuma kusan 73 a ma'auninsu, kuma masana na ci gaba da neman inda bambancin ya fito.