Darasi na 14: Il faut que…

Iskar hunturu tana shigo da ƙura cikin aji. Hadiza ta rubuta a allo: «Il faut que nous fermons la porte.»

Malam ya ce: «Hadiza, saura harafi ɗaya.»

Da Hausa ana cewa: dole mu rufe ƙofa. Da Faransanci, bayan «il faut que», aikatau yana ɗaukar subjonctif présent. Ana cire -er daga fermer, a liƙa -e, -es, -e, -ions, -iez, -ent:

que je ferme
que tu fermes
qu'il ferme
que nous fermions
que vous fermiez
qu'ils ferment

A lura: nous da vous kaɗai ke samun «i». Shi Hadiza ta manta.

Aiki: a juya chanter da marcher bayan «il faut que».