Darasi: Mayar da Firiza Ma'ajiyar Sobolo

Babu wadda za a koya wa dafa sobolo, wato zoɓo, a unguwar Sabonjida. Lamurje da burkina ma kun fi malaminku iyawa. Sanyi ne ke ba ku wahala. Firiza mai murfi a sama don daskarar da nama da kifi aka ƙera ta, sanyinta yakan kai digiri 18 ƙasa da sifili. Abin sha kuwa digiri 3 zuwa 5 ya ishe shi. Shi ya sa gorar zoɓo take wayar gari ta zama dutse, wata ma ta tsage.

Maganin wannan ba wuya. Akwai 'yar na'urar daidaita sanyi da masu kayan lantarki ke sayarwa. A soka ta a soket ɗin bangon ɗaki, a soka fulogin firiza a jikinta, a zura siririyar wayarta ta ƙarƙashin murfi, a ɗaure bakin wayar a jikin gorar ruwa. A saita ta a 4. Sanyi ya kai, ta kashe inji. Ya ragu, ta kunna. A Amurka masu haɗa giya a gida da wannan dabara suke sanyaya ganguna. Mu sobolo za mu sa.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. Kada ƙarfe ya shiga bangon firiza! Ba ƙusa, ba wuƙa, ba abin huda. Bututun gas siriri ne, a cikin bangon nan yake kewayawa, ido ba ya ganinsa. Ku taɓa jikin firiza tana aiki, ɗumin da kuka ji gas ɗin ne yake wucewa.

A layinmu, cikin zafin watan Maris, wani maƙwabci ya fito da guduma da ƙusa, wai zai sa wa matarsa famfo a gindin firiza.

"Maigida, don Allah a kira mai gyara," in ji ta.

"Wane mai gyara? Ni da na kafa rumfar nan da hannuna?"

Uwarsa tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Rumfar da ke yoyo a kaina?"

Yara suka ƙyalƙyale da dariya, ya daka musu tsawa. Bugu ɗaya, biyu, sai ga "fuuu". Ya toshe da yatsa, yatsan ya ƙi zama don sanyi. Tsohuwa ta kwashe tabarmarta, ta ce da surukarta, "'Yar nan, ɗauko randa."

Wannan ba abin dariya ba ne kawai. Tun da Gana ta hana shigo da tsofaffin firij a 2013, sababbi sun yawaita, kuma da yawansu gas ɗin R600a ke ciki. Yana kama wuta. Ga murhun gawayi a tsakar gida! Na faɗa, na sake faɗa, amma har gobe sai ka ji maƙwabciya tana sarar ƙanƙara da wuƙar yanka albasa, ƙwas, ƙwas, tun da asuba. Kada ƙarfe ya shiga bangon firiza.

Duk mai son famfo sai ya kira kafinta. Zai kwance murfin, ya haɗa katako huɗu daidai bakin firizar, ya ɗora, ya mayar da murfi a kan katakon. A katakon ake huda. Tun da famfon yana sama, sai an haɗa da ɗan injin jan ruwa da tiyo mai tsabta, a riƙa wanke shi kullum.

Ƙanƙara kuwa, a cire fulogi, a buɗe murfi, a ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki, za ta saki da kanta. In wutar lantarki ta NEDCo ta ɗauke ta dawo, a jira minti 5 kafin a kunna. Ruwan da ke taruwa a ƙasa a goge shi da tsumma duk mako, don kada tsatsa ta ci gindin.