Yadda Ake Neman Gurbin Binciken Manufofin Raya Ƙasa Daga Hanwa

Wanda ya ga Hanwa ta Zariya yau, gidaje sun haɗe har gadar Kwangila, da wuya ya yarda cewa ƙauye ce a 1966. A lokacin ne ma'aikatan David Norman, masanin tattalin arzikin noma a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, suka riƙa bin manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi gida-gida, suna rubuta abin da aka shuka, da kwanakin da aka yi a gona, da abin da aka girbe. Suka gano cewa manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ba jahilci ke damunsa ba, lissafinsa daidai ne: in wannan ya ƙi, wancan ya yi. Binciken ya taimaka wajen sauya yadda masana ke kallon ƙaramin manomi a Afirka.

Matashin da ya gama digiri na biyu a harabar jami'a ta Samaru ko ta Kongo, yake neman gurbin bincike mai tallafi, daga nan ya kamata ya ɗauki darasi.

Da farko ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, don kowace da irin baƙonta. AERC ta Nairobi, wadda aka kafa a 1988, ta masu ilimin tattalin arziki ce, kuma sau biyu a shekara take tara masu bincike su gabatar da aikinsu a gaban manya. CODESRIA ta Dakar, tun 1973, ta fi faɗi: tarihi, siyasa, zamantakewa. Shirin ODI na Landan kuwa, da ya faro a 1963, aiki ne na shekara biyu a ma'aikatar wata gwamnati. Ya karanta sharuɗɗa da kyau kafin ya ɓata data. In an ce sai mai digiri na uku, magiya ba ta buɗe ƙofa.

Sai tambaya, kuma nan ne akasari ake faɗuwa. "Talauci a Arewa" ba tambaya ba ce, kuka ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta riga ta faɗa a 2022 cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da yawa, kuma masu tantancewa sun gaji da ganin wannan adadi a layin farko. Abin da ke tsayar da idonsu shi ne ƙaramar tambaya mai amsuwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, nawa kuɗin Keke Napep ke ci daga albashin malamar firamare mai zuwa Tudun Wada daga Hanwa? Manoman masara sun rage buhunan taki ne, ko sun koma waken suya? A ƙarshe ya faɗi wanda zai yi amfani da amsar: ma'aikatar gona ta Kaduna, ko ƙaramar hukuma. In babu mai amfani da ita, ba binciken manufa ba ne.

Na uku, alƙaluma. Ba dole sai da kuɗin bi gida-gida irin na Norman ba. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ke yi tare da Bankin Duniya tun 2010 yana intanet kyauta, rajista kawai ake yi. Ya sauke, ya sarrafa da manhajar Stata ko R, ya fitar da tebur ko da guda biyu. Shafi biyar masu tebur sun fi babi guda na kundin digiri.

Takardu kuma a fara tun da wuri: fasfo mai sauran wa'adi, takardar sakamako, shaidar bautar ƙasa, da CV da bai wuce shafi biyu ba. Malaman da za su tsaya masa shaida, ya je musu da ƙafa wata guda kafin ranar rufewa, ya gaishe su, ya miƙa tsarin binciken. Farfesan da ya san sunansa kawai zai rubuta layi uku. Ƙaramin malamin da ya duba kundinsa zai cika shafi.

In an kira shi ganawa ta Zoom, ya caja kwamfuta, ya tanadi layin waya biyu, ya gwada bayanin aikinsa cikin minti biyu a gaban wani aboki marar kara. Ya kuma duba agogo: Nairobi na gaban Zariya da awa biyu, ƙarfe goma nasu ƙarfe takwas ne a Hanwa.