Haƙƙin Mai Ciki Da Mai Jego A Kan Miji Da Mutanen Gida

 Ya 'yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi cimar mace mai ciki da mai jego, da taimakon da ya wajaba ta samu daga mijinta da mutanen gida. Mun ɗauki misali da ƙasar Dawce, cikin gundumar Kance ta jihar Damagaram, amma abin da za mu faɗa ya haɗa dukkan ƙauyukanmu.

1. Girman al'amarin

Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijar cikin 2012 ya nuna cewa a kowace haihuwa 100,000, mata 535 ne suke rasa rayukansu ta dalilin ciki ko haihuwa. Babban abin da ya fi kashe su shi ne zubar jini bayan haihuwa. Macen da ta zo naƙuda da isasshen jini tana iya jure wa zubar da za ta halaka wadda jininta ya yi ƙaranci. Ƙarancin jini kuwa, a wurinmu, yana zuwa ne daga ƙarancin abinci mai gina jiki, da zazzaɓin cizon sauro, da haihuwa kusa da kusa. Ke nan tun daga tukunya da akushi ake fara tsare ran mai ciki, watanni kafin ranar naƙuda.

2. Wa nauyin ya hau?

Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora ciyar da uwa mai shayarwa da tufatar da ita a kan uban ɗan, gwargwadon hali, kuma ta ambaci shekara biyu a matsayin cikar shayarwa. Malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa ciyar da mata wajibi ne a kan miji. Saboda haka mai gidan da ya auna gero kaɗai ya miƙa, ya fita ya ci tsire da shayi a bakin kasuwa, ya bar mai ciki da farau-farau, sai ya binciki kansa. Haka nan al'adar da ke sa mace ta ci a ƙarshe, bayan an ƙosar da maza da yara, tana cutar da rai biyu a lokaci guda.

3. Abin da mai ciki take bukata

Ma'aikatan lafiya suna ba da shawara mai sauƙin riƙewa: mai ciki ta ƙara ci sau ɗaya a rana a kan abin da ta saba, mai shayarwa kuwa sau biyu. Mafi yawan abin da ake nema yana nan a gonakin Dawce da lambunan ƙasar Matamaye.

Na ɗaya, masu ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, rogo da dankali.

Na biyu, masu gina jiki: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, riɗi, gurjiya, awara, ƙwai, nono, kifi da nama idan ya samu. Haɗa gero da wake ya fi gero zalla amfani nesa ba kusa ba.

Na uku, masu tsare jiki: zogale, rama, yakuwa, kuka, alayyafo, kabewa, tumatir, mangwaro da gwaba. Lemun tsami da tumatir da garin 'ya'yan kuka suna taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye, shayi kuwa yana hana shi. Don haka kada a sha shayi tare da abinci. A riƙa amfani da gishiri mai aidin, domin yana da hannu a ginuwar ƙwaƙwalwar jariri.

Maganar cewa ƙwai yana cutar da ɗan ciki, ko a rage wa mace abinci don kada ɗan ya yi girma ya ba ta wuya, ba ta da tushe a likitance ko a shari'a. Idan kuma aka ga mai ciki tana marmarin cin ƙasa, sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini, sai a kai ta a auna.

Lokacin da ya fi tsanani shi ne damina, daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa, sauro ya yi yawa. Mai hankali tun da kaka yake ware wake da gyaɗa, ya shanya zogale a inuwa, ya ajiye saboda ita.

4. Awon ciki

Abinci kaɗai ba ya isa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko cikin watanni uku na fari. A wurin awo ake auna jini da hawan jini, a ba ta ƙwayar ƙarin jini mai ɗauke da ƙarfe da folik asid da za ta sha kullum, a yi mata allurar sarƙe haƙora, a ba ta Fansidar na rigakafin zazzaɓi daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, wata guda tsakani. Ta kuma riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani.

A 2005 da 2006 gwamnatin Nijar ta fitar da dokokin da suka mai da tiyatar haihuwa da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Daga 2014 kuma ma'aikatar lafiya ta baza ƙwayar misoprostol mai tsai da zubar jini zuwa gidajen likita na ƙasa. Abin da ya rage mana shi ne izini da rakiya da kuɗin hanya. Kunyar cikin fari ɗabi'a ce da muka gada, amma kunyar da za ta sa yarinya ta ɓoye naƙuda kwana biyu tana ƙarewa ne da yoyon fitsari ko mutuwa.

Alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu su ne: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi, ɗa ya daina motsi, da naƙudar da ta wuce sa'a 12. A garzaya gidan likita mafi kusa, su ne za su tura ta asibitin Matamaye ko Damagaram in da bukata.

5. Azumi

Ibn Abi Zaid ya bayyana a cikin Risala cewa mai cikin da ta ji tsoro ga abin da ke cikinta ta sha azumi. Mai shayarwa ma, idan ta ji tsoro ga ɗanta kuma babu wadda za ta shayar mata, ta sha, ta ciyar. Dukkansu za su rama bayan uzuri ya gushe. Wannan sauƙi ne daga shari'a, bai halatta a kunyata wadda ta karɓe shi ba.

6. Jego

Al'adarmu ta hutar da mai jego kwana arba'in, da yi mata kauri da romo da kunun gyaɗa, abar yabo ce, a riƙe ta. Amma akwai gyara a wuri uku.

Na farko, kunun kanwa. Cikin shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun ga ciwon zuciya ya yawaita ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa ramar uwa da hawan jini suna da babban hannu a cikin ciwon. Kanwa dai gishiri ce mai nauyi, tana tara ruwa a jiki, tana ƙara wa zuciya aiki. A rage ta ƙwarai, mai hawan jini ko kumburi ta bar ta ɗungum. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda ba ya ƙuna. Mai jegon da take haki, ko tari da dare, ko ƙafafunta suka kumbura, likita take bukata.

Na biyu, dakashi. Wannan nonon farko mai kauri shi ne rigakafin jariri na fari, kada a matse shi a zubar. A sa jariri a nono cikin sa'ar farko, a ba shi nono zalla wata shida ba tare da ruwa ba, sannan a haɗa da abinci har shekara biyu.

Na uku, a koma awo bayan haihuwa: cikin yinin farko, da kwana na uku, da mako na biyu, da lokacin arba'in. A kuma bar jikinta ya huta kamar shekara biyu kafin wani ciki.

7. Aikin jama'a

Muna kira ga limamai su riƙa tunatar da maza wannan haƙƙi a huɗuba da wurin suna. Kowace unguwa ta kafa asusu na kai mai naƙuda asibiti, a san mai amalanke ko mai motar da za a tasa da dare, a san matasan da za su ba da jini. Iyayen miji da ungozomomi, ku ake jin maganarku a cikin gida, ku zama na farko da za ku ce a tafi likita. Kuɗin da ake kashewa a ragon suna da tufafin biki, a fara cire rabon abincin uwa daga cikinsa.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.