Darasi na Tara: Malaman Timbuktu da Aron Littafi

A ƙarni na 16, birnin Timbuktu, wanda yake cikin ƙasar Mali ta yau, ya cika da malamai da ɗalibai. Malaman suna ziyartar juna, suna karatu tare a masallatai da gidaje. A can, da hannu ake rubuta kowane littafi, saboda haka littafi yana da tsada ƙwarai. Ɗalibin da ya sami aron littafi yakan koma gida da murna.

Ɗaya daga cikin malaman shi ne Muhammadu Bagayogo. Yakan fara koyarwa bayan sallar asuba. Da hantsi yakan je ya sasanta masu rigima, sannan ya koma kan karatu har dare. Ba ya rowar littattafansa. Ɗalibi yakan zo ƙofar gidansa ya nemi aro, shi kuwa ya ba shi, ko da bai san shi ba.

Ahmad Baba, wanda aka haifa a 1556, ya yi fiye da shekara 10 yana karatu a wurinsa. Wata rana ya roƙi malaminsa littattafan nahawu. Malamin ya bincika ɗakinsa, ya kawo masa duk waɗanda ya samu.

A 1591 sojojin Maroko suka ci Timbuktu da yaƙi. A 1594 aka tafi da Ahmad Baba birnin Marakesh a ɗaure, ya kuma rasa littattafansa 1,600. Bai koma gida ba sai 1608. Amma da ya rubuta tarihin malamai, bai manta da littattafan nahawun nan ba. Hausawa suna cewa, alheri gadon barci ne.

Sababbin Kalmomi
aro: karɓar abu da niyyar mayarwa
rowa: ƙin ba mutane abin hannunka
hantsi: lokacin da rana ta ɗaga da safe
nahawu: ilimin ƙa'idojin harshe

Tambayoyi
1. Me ya sa littafi yake da tsada a Timbuktu?
2. Me Bagayogo yake yi da hantsi?
3. Shekara nawa Ahmad Baba ya yi a Maroko?
4. Rubuta jimla biyar game da wani ƙaramin alheri da abokinka ya yi maka.